Tecno wacce zan saya da jika 120? Amsa ga Hajiya mai atamfa

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da war haka, ya gida ya kasuwa. Tambayarki ta iso, bari in maimaita ta a taƙaice saboda sauran masu karatu: kin ce kina saida atamfa da leshi da turare daga gida nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi, kusan duk cinikinki a status na WhatsApp yake, wayarki ta yanzu ta cika kuma tana yawan tsayawa, kina da kamar jika 120, wato sefa dubu 120, a hannu, Tecno kike so don ita kinka saba da ita, amma da kinka shiga kasuwa wani ya ce Camon, wani ya ce Spark, wani yaro ya ce Pova ce magana, sai kinka dawo gida ba ki sayi komi ba. Kin kyauta da kinka dawo da kuɗɗinki. Ni gyaran waya ne sana'ata, na daɗe ina buɗe cikinsu, don haka abin da ke ciki shi zan gaya miki, ba abin da ke bisa kwali ba.

In kina sauri ga amsar: ki nemi Spark mai Pro, wadda injinta Helio G99 ne ko G100, RAM (wurin da waya ke riƙe aikin da take kai a lokacin) 8 na gaskiya, memwar 256. Spark 20 Pro ko Spark 30 Pro kenan. Amma ki daure ki karanta dalili, saboda gobe sunayen za su canza, wata lamba za ta fito, kuma in kin gane abin da ake dubawa ba mai sake juya ki a bakin shago.

Tecno dai ta kamfanin Transsion ce da ke Shenzhen a ƙasar Sin, su ne kuma masu Itel da Infinix, tun 2006 suke, kuma da kasuwar Afirka sunka tashi, shi ya sa tun farko sunka zo da pis biyu, wato sim biyu, da batiri mai daɗewa. Gidan Tecno ɗaki biyar ne. Pop ita ce ta ƙasa, Spark ta tsakiya mai sauƙin kuɗi, Pova ta babban batiri da wasanni, Camon ta hoto, Phantom ta manya. To mutane sun haddace wanga jeri kamar tsani, suna ganin duk Camon ta fi duk Spark, kuma nan ne ake cin kuɗin mutane, saboda a cikin kowane ɗaki akwai babba akwai ƙarama, kuma babbar Spark tana iya fin ƙaramar Camon ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ga misali da za ki iya bincikawa da kanki. Camon 20 ta 2023, wadda ba Pro ba, injinta Helio G85 ne. Spark 20 Pro da ta fito ƙarshen 2023 ɗin injinta Helio G99 ne. Inji, wato prosesa, shi ne ke yin duk aikin waya, buɗe WhatsApp, ɗora bidiyo, haɗa hoto bayan kin danna, komi ta hannunshi yake bi. G85 an gina shi da tsohuwar fasaha ta nanomita 12, G99 kuwa nanomita 6, kuma ma'anar wagga lamba a wajenmu mai sauƙi ce, duk sadda ta yi ƙasa injin bai cin batiri da yawa kuma bai saurin ɗaukar zafi. Bayan haka G85 da memwar mai suna eMMC yake aiki, wadda ba ta da sauri, G99 kuwa shina iya ɗaukar UFS wadda ta fi ta gudu sosai, kuma saurin memwar nan shi ne ke sa ki buɗe galeri mai hoto dubu biyar ya buɗe nan take ko kuma ya tsaya shina juyawa. Ranar da aka ciro su daga kwali duka biyun za su yi miki kamar daidai suke, sai bayan wata takwas, shekara guda, sadda gurup-gurup sunka cika waya, sannan bambancin ke fitowa fili. Ina ganin haka kullum a teburina, mutum ya kawo waya ya ce ta lalace tana nauyi, in duba ba abin da ya lalace, injin ne aiki ya fi ƙarfinshi.

A cikin Spark ɗin ma ki kula da harafin da ke bayan lamba. Spark 20C injinta G36 ne, ƙaramin inji ne ƙwarai. Spark 20 zalla G85. Spark Go 2024 da Pop 8 injinsu Unisoc T606 ne. Duk sunansu ɗaya ko kusa, launin bayansu na sheƙi iri ɗaya, kyamarorin baya an zana su manya-manya kamar na mai tsada, amma cikinsu ba ɗaya ba. C da Go na nufin an rage, Pro na nufin an ƙara. Pop da Go ba wayoyin banza ba ne, in za ki saya ma Inna ta riƙa amsa kira tana jin karatu da saƙon murya sun wadatar har da ƙari, amma ke da wayarki ita ce shagonki, kada ki sauka nan don ki rage jika talatin, za ki biya su a wani wuri.

Sai maganar RAM, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane yanzu. Za ki ga an rubuta 16GB da babban rubutu a kwali, a ƙasa da ƙaramin rubutu 8+8. Takwas ɗin farko ne RAM na gaskiya, na biyun aro ne ake yi daga memwar wayar, kuma memwar ba ta kai RAM sauri ba ko kusa, shina ɗan taimakawa wajen riƙe manhajoji a buɗe amma bai maida ƙaramar waya babba. Kusan duk kamfanoni haka suke rubutawa yanzu. Abin da ke damuna shi ne wadda anka rubuta ma 8GB alhali 4+4 ce, wata baiwar Allah ta kawo mini irinta daga wani shago tana murna ta samu mai takwas da araha, da munka shiga cikin saitin sai ga huɗu. Don haka ki tambayi mai shago kai tsaye, nawa ne banda na aro, kuma ki sa ya kunna ya nuna miki. Lambar farko ita ce taki.

Memwar kuwa kada ki yarda da 64, ko kyauta anka rage miki. Tsarin wayar kanshi ya riga ya cinye wani kaso tun kafin ki sa komi, ga ki da gurup na 'yan kasuwa, na dangi, na islamiyya, na unguwa, kowa na turo bidiyo, ga masu kawo miki kaya daga Kano suna zubo hotuna ɗari a dare ɗaya. 128 za ta yi in kina sharewa, 256 ita ce kwanciyar hankali. Kuma ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar da bidiyo da kanshi, wannan kaɗai zai rage miki cikar waya ya kuma rage miki cin mega, forfe ɗinki ya ƙara kwana.

Yanzu hoto, wanda na san shi ne ya sa zuciyarki ke wajen Camon, kuma kina da gaskiya ki damu da shi tunda hoton ne ke saida atamfar. Lambar megapiksel da ake bugawa, 50, 64, 108, ba ita ce kyan hoto ba. Kyamara mai 108 in kin ɗauki hoto yadda aka saba, haɗa ɗigo tara take yi su zama ɗaya, sai ta ba ki hoto mai 12. Mai 50 tana haɗa huɗu ta ba ki kusan 12 da rabi. Kin ga kusan wuri ɗaya sunka sauka. Daga nan kuma in kin ɗora a status WhatsApp zai sake matse hoton ya rage mishi nauyi don ya yi saurin tafiya, wadda za ta kalla kuma wataƙila a ƙaramar waya take kallo da reso mai rauni. To mi ya rage? Haske da launi. Atamfar da anka ɗauka a tsakar gida cikin inuwa da hantsi, ko bayan la'asar sadda rana ta yi sanyi, da Spark, ta fi wadda anka ɗauka a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki da waya mai tsada ninki uku. Ki shimfiɗa farin zane a ƙasa, ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi kafin kowane ɗauka saboda ƙurarmu da maiƙon hannu, ki kashe duk wani abin ƙawata hoto da tacewa, don an yi su ne saboda fuska, kuma a nan Tecno sun yi ƙoƙari wajen fito da baƙar fata da kyau, amma in kin bar su a kunne kan atamfa sai su ƙara ma ja ja, su maida ruwan toka kamar shuɗi, mai saye ta aiko kuɗi kaya su isa ta ce ba wannan ta gani ba. Ke kin fi ni sanin abin da wannan ke jawowa tsakaninki da mai saye. In kuma wata ta nemi ki turo mata ta gani da kyau, ki danna HD ɗin da ke saman hoton kafin ki aika, tun 2023 WhatsApp sunka sa shi, ko ki aika shi a matsayin takarda, wato document, haka bai matsuwa ko kaɗan.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗa. Ekran iri biyu ne a waɗannan wayoyi, LCD da AMOLED. AMOLED ya fi kyau a ido, baƙinshi baƙi ne wuluk, launi na tashi, kuma cikin rana ya fi ganuwa. Camon 20 da Camon 30 da Spark 30 Pro shi gare su, Spark 20 Pro da Pova 5 LCD ne. Sai dai ga mai saida tufafi ki sani launin da kike gani a AMOLED ya fi wanda yawancin masu sayenki ke gani a nasu wayoyin armashi, don haka ki riƙa gwada hoton da atamfar kanta a hannu, ko ki duba shi a wayar wani a gidan kafin ki ɗora.

Ban ce Camon ba ta da amfani ba. Camon 30 ta 2024 tana da G99, tana da AMOLED, kuma kyamararta mai 50 tana da abin da ake kira OIS, wato gilashin kyamarar na motsi da kanshi shina rama rawar hannu. Wannan abu ne na gaske, ba rubutun kwali ba, in kina bidiyo kina tafiya kina nuna leshi ɗaya bayan ɗaya, ko kina ɗauka da dare, za ki ga bambanci. In ciniki ya yi kyau kinka iya ƙara kuɗi har ki kai gare ta, ki saye ta ba ki yi asara ba. Abin da nike hana ki shi ne ki ɗauki ƙaramar Camon mai G85 saboda sunan kawai alhali ga Spark Pro a gefenta da kuɗi kusan ɗaya.

Yaron da ya ce miki Pova shi ma ba shirme ya faɗa ba, ya duba halin da muke ciki ne na kuran. Duk wanda ke garin nan bai manta 2023 ba sadda wutar da ke zo mana daga Najeriya ta tsaya, kuma ko ba wannan ba in zafi ya shigo watan Afrilu da Mayu kowa ya san yadda ake yi. Pova 5 batirinta 6000 ne, injinta G99, tana caji da wat 45, sauran kuwa kusan duka 5000 ne. Akwai ma tsofaffin Pova masu 7000. Amma tana da nauyi, ta haura giram 200, tana da kauri, an yi ta ne da siffar samari masu wasa, kuma kyamararta ba ita anka fi ba muhimmanci ba. Da ɗan kabu-kabu ne ya tambaye ni, ko mai zuwa kasuwannin ƙauye ya kwana biyu bai ga soket ba, Pova zan ce mishi ba tare da dogon bayani ba. Ke da kike gida, abin da ya fi miki amfani shi ne saurin caji. Pop 8 wat 10 take sha, Spark 20 wat 18, Spark 20 Pro wat 33. In kuran ya zo na awa ɗaya ya koma, mai 33 ta sha abin da zai kai ki dare, mai 10 ko rabi ba ta kai ba. Ki haɗa da pawa bank mai kyau guda ɗaya shi kenan.

Tunda mun zo nan bari in roƙe ki abu ɗaya, don shi ne ya fi kawo mini wayoyi. Zafi shi ne ke kashe batiri. Garin da ake haura digiri 40, a sa waya caji a ƙarƙashin matashi, ko bisa taga rana na dukanta, ko tana caji ana kallon bidiyo, wata shida batiri ya kumbura ya ɗaga bayan waya. Ki yi caji a inuwa, ki cire poshet in ta yi zafi, ki riƙe sharjon da ya zo cikin kwali kamar zinariya kada yara su yi ta yawo da shi, waɗannan na dala ɗari biyu da ake saidawa a bakin titi su ne ke ƙona wajen caji. Lokacin hunturu kuma ƙura ke toshe ramin caji, sai mutum ya ga waya ba ta sha ya ɗauka ta mutu, ya sa allura ya tsokale ya karya ƙafafun ciki, alhali da ya kawo minti biyar ne a share.

Ki yi tunanin ranar faɗuwa tun yanzu, don gidan da ke da yara waya sai ta faɗi. Canjin ekran na LCD da sauƙi, ana samunshi nan kasuwa. Na AMOLED ya fi tsada sosai, in kuma anka sa miki na kwaikwayo mai araha launi ya dushe, kuma wayoyin da wajen ɗora yatsa ke ƙarƙashin ekran, kamar Camon 20, sau da yawa ya daina aiki. Mai lanƙwasasshen gefe irin Spark 20 Pro+ ita ce ta fi kyau a hannu kuma ita ce ta fi wuyar karewa, gilashin kariya bai zama mata daidai, gefen ne kuma ke fara bugun ƙasa. Ni ban ba ki shawararta ba. Abin da ke taimakon Tecno a nan shi ne kayan gyaranta sun wadata, daga Kano suke shigowa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Issa, wanda ba kowace waya ke da wannan gatan ba a Maradi, kuma wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne kayanshi sunka fi samuwa, nan ma Spark ta ci.

5G kada ki biya ko dala saboda ita, 4G muke aiki da ita, ita ma in kin fita gari kin nufi Madarunfa ko Gidan Rumji wani wuri sai ta sauka. Ko Airtel gare ki ko Moov ko Zamani, duk wayoyin da na lissafa suna ɗaukar pis biyu da 4G. Phantom kuwa, har da mai naɗewa kamar littafi da sunka fitar a 2023, ba layinmu ba ce yau.

Saura wajen saye. Farashi a garin nan shina bin naira, tunda yawancin kaya ta can suke zuwa, don haka ki zagaya shago uku ko huɗu rana ɗaya kafin ki ciro kuɗi, kuma wadda ta kwana shekara guda da fitowa ita ce kuɗinta ya fi dacewa da ita, sabuwar fitowa ana ɗora mata kuɗin ɗoki. Kwali ya zama a rufe, a buɗe shi gabanki. Ki danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki gwada ta da wadda ke jikin kwali, in sun saɓa ki aje ki tafi. Ki shiga saiti wajen bayanin waya ki ga sunan inji da RAM da memwar da idonki. Ki sa pis ɗinki a ramukan biyu ki kira wani, ki gwada lasifika da kyamarar gaba da ta baya, ki sa ta caji ki ga ta nuna tana sha da sauri. Ki karɓi takardar saye mai tambarin shago da kwanan wata da lambar IMEI a rubuce, don garantin shekara guda da ita yake aiki, Carlcare ne masu kula da garantin Tecno, ki tambayi mai shagon tun kafin ki biya in matsala ta taso shi zai kai ko ke.

In wani ya kawo miki ta hannu da araha ya ce Camon ce babba, ki yi hattara da abu biyu. Na ɗaya akwai wayoyin da ake ɗauka bashi a Najeriya ana biya wata-wata, in mai ita ya daina biya sai a kulle ta daga nesa, ta ƙetaro iyaka ta shigo hannun wanda bai san komi ba, sati biyu ta rufe. Na biyu asusun Google na tsohon mai ita, in bai cire ba kinka goge wayar za ta tsaya tana neman kalmar sirrinshi. A gabanki za a goge ta a sake kunnawa ta wuce lafiya, sannan kuɗi. Ga waya da sana'arki ke kanta ni sabuwa na fi so miki.

Ki ware kamar jika biyar cikin kuɗin nan na poshet mai kauri a kusurwa da gilashin kariya, a sa su tun a shagon kafin ta shiga jaka tare da makullai. Kuma kafin ki cire pis daga tsohuwar, ki shiga WhatsApp ki yi ajiyar hirarrakinki a Google, ki tabbata kin san adireshin Gmail ɗinki da kalmar sirrinshi kin rubuta a takarda, saboda lissafin bashin da ke cikin hirarrakin nan da lambobin masu sayenki sun fi wayar kanta tsada. Google na ba da 15GB kyauta, in ajiyar ta fi haka ki cire bidiyo daga ciki ta wuce. A sabuwar kuma ki sa WhatsApp Business a lambar kasuwa, na gida ya zauna a ɗayar lambar, duka biyun suna zama a waya ɗaya, kuma akwai wajen jera kaya da farashi a cikinshi wanda zai rage miki turo hoto ɗaya sau ashirin. In kin je kinka ga wata lamba da ban ambata ba, ki ɗauko hoton bayan kwalin inda anka rubuta inji da RAM ki turo, in duba miki kafin ki biya. Allah ya sa albarka a kasuwa, a gaida mutan gida.